Kibiya ta riga tambaya: musayar waƙa

Mai_Kwari: jama'a jiya a wasanmu na Dungeons & Dragons (wasan labari ne, kowa da jaruminsa, ana jefa dayis irin na ludo) wani gobilin, ɗan ƙaramin dodo, ya taso mana a guje da wuƙa cikin kogo na harbe shi, ashe igiyar ragar da za ta rufto mana yake son tsinkewa, yanzu an mai da ni mugu a teburi. to ga tawa:

Duhu ya rufe, ga wuƙa na walƙiya,
Ya nufo ni a guje, ba alamar lafiya,
Wa ke tsayawa tambaya a bakin rijiya?
Na kare raina, mene laifin kibiya?

Uwar_Wasa:
Sau biyu na ce yana nuni da hannunshi,
Yana ta ihu, ba ka nemi jin harshenshi,
Ban hana ka jefa dayis ka gane nufinshi,
Gaggawa ce ta ci ka har ka je ka tura bawan Allah kabarinshi.

Bilkin_Sihiri: wayyo Anti kin gama da shi wallahi, a kawo masa ruwa

Malam_Amsa_Amo: ba ta gama da kowa ba. ɗangon ƙarshe ya fi 'yan'uwansa tsawo kamar an ja shi da igiya, kuma "nshi" sau huɗu ai ba gwaninta ba ce, lalaci ne

Bilkin_Sihiri: Malam kai kullum awo, tunda aka buɗe zauren nan ko baiti ɗaya naka ba mu gani ba

Tsohon_Faladin: ku bar kari tukuna. ƙanena, a dokar wasan ta bugun 2014 in da takobi ko sanda ka kai mutum ƙasa kana da zaɓi ka sumar da shi kawai, amma harbi daga nesa ba shi da wannan rangwamen, kai ka zaɓi makamin da ba ya jin "tsaya"

Tsoro gaskiya ne, ban ce ka yi ƙarya ba,
Amma mai baka bai san sumarwa ba,
Taku goma ne tsakani, ba ka ja da baya ba.

Mai_Kwari:
Yaya mai sulke, wa'azinka da daɗi,
Kai ƙarfe ya rufe ka, ni fata ce da faɗi,
Ran da ka sare mai gadi kan akwati wa ya faɗi?

Malam_Amsa_Amo: faɗi da faɗi?? haba. kuma ƙwar huɗu aka fara, wa ya ba ku izinin komawa ƙwar uku

Tsohon_Faladin: mai gadin nan shi ya fara zaro makami, kuma ko a bugun 2000 muguntar da aka aikata da gangan ce ke sa a ƙwace wa faladin, jarumi mai tsare gaskiya irina, baiwarsa

Mai_Kwari: yawwa! da gangan. to ni da gangan na yi? ashe in kai ne kuskure, in ni ne kisan kai

Bilkin_Sihiri: kai ka ma kwashe 'yan kuɗin aljihun gawar fa, muna gani

Uwar_Wasa: ku yi haƙuri kwana biyu ba data. Malam ga naka a daidaice, ka auna:

Ni ban yanke hukunci, ba ni ce alƙali ba,
Uwar gobilin na ƙofar kogo, ba ta tafi ba,
Ba wuƙa a hannunta, ba ta ce komai ba,
Ran Asabar ka zo da dayis, ba mu tashi ba.

Malam_Amsa_Amo: na uku ya yi. na biyu har yanzu yana ɗingishi