Neman kalma: me za mu kira "seismic monitoring" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da kalma guda, na ga gara in kawo ta nan mu haɗa kai. Rubutu nake yi a kan yadda ake gano gwajin makamin nukiliya da aka ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira seismic monitoring. Abin da kunnenmu ya saba ji a rediyo shi ne "auna girgizar ƙasa". Ni dai bai kwanta mini ba.

Bahaushe in ya ji girgizar ƙasa, ya riga ya yanke hukunci: ikon Allah ne, babu hannun mutum. Su kuwa masu wannan aiki, tambayar da ke gabansu kullum ita ce, wannan motsin girgizar ƙasa ce ko wani ne ya fasa bam? Ran 3 ga Satumba 2017 Koriya ta Arewa ta yi gwajinta na shida a Punggye-ri, ƙarfin motsin ya haura maki 6 a ma'aunin girgizar ƙasa. In ka ce wa mai sauraro "an auna girgizar ƙasa mai maki 6", ka ɓoye masa labarin gaba ɗaya.

Bari in faɗi yadda ake rarrabewa, don mu san abin da muke raɗa wa suna. Motsi iri biyu ne ke ratsa cikin ƙasa. Na farko turi yake yi, kuma shi ya fi sauri, yana cin kusan kilomita 6 a daƙiƙa cikin duwatsun da ke kusa da doron ƙasa. Na biyu kaɗi yake yi gefe da gefe, yana isowa a baya. Girgizar ƙasa dutse ne ke gogar dutse ya zame, saboda haka kaɗinta yana da yawa. Bam kuwa waje guda yake fashewa ya ture komai ta kowace fuska lokaci ɗaya, sai turinsa ya rinjayi kaɗinsa nesa ba kusa ba. Sannan akwai zurfi: motsin da ya taso daga kilomita 50 a ƙasa, kowa ya san babu mai haƙa rami ya kai can. Wurin da abin ya faru kuma daga lokaci ake lissafo shi. Cikin tashoshin da ke da na'urar jin motsin, wadda ta fi kusa ita ke fara ji, in aka haɗa lokutan tashoshi uku ko fiye, sai a ɗora yatsa a taswira.

To, aikin nan saurare ne. Na fara da "sa ido a ƙasa", na ga za a ɗauka leƙen asirin wata ƙasa ake nufi. "Duban ƙasa" da "bugun ƙasa" kuwa ba sa ma shiga lissafi, masu zane a yashi sun riga mu. Ina jiran naku.

*

Na gode ƙwarai, na karanta amsoshi duka.

Malam, da ka kawo "zalzala", na fahimci dalilinka, kalmar tana da nauyi kuma almajiri ya san ta. Sai dai nauyin nata ne ya sa na ja baya. Duk wanda ya ji ta, ranar alƙiyama ce za ta faɗo masa a rai. "Raurawar ƙasa" ma ta fi kusa da girgiza. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, a yi mini uzuri.

Wadda ta tsaya mini ita ce ta Hajiya: diri. Ta ce in ana daka a maƙwabta kana kwance a tabarma, kafin ka ji amon taɓarya a kunne kana jin dirin a haƙarƙarinka. Haka in tirela ta wuce, haka in ana fasa dutse a bayan gari. Hajiya, wallahi kin gama magana. Diri bai ce maka ga wanda ya jawo shi ba, sai ka bincika. Abin da muke nema ke nan. Girgizar ƙasa tana da diri, bam yana da diri, nakiyar mahaƙa ma'adinai tana da diri, kuma dukkansu na'urar tana ɗauka.

Ɗan'uwa daga Yamai ya tambaya ko abin ya shafe mu har da za mu wahalar da kanmu. Ya shafe mu, kuma a ƙofar gidanku yake. Yarjejeniyar haramta gwajin nukiliya baki ɗaya, wadda aka fara sa wa hannu a 1996, ta tanadi manyan tashoshin irin wannan saurare 50 da mataimaka 120 a faɗin duniya, suna aika bayanai zuwa Biyana, babban birnin Austiriya. Ɗaya daga cikin manyan nan tana Torodi, a jihar Tillaberi. Kada mu manta kuma, a Reggane cikin Saharar Aljeriya Faransa ta fasa bam ɗinta na farko ran 13 ga Fabrairu 1960, daga baya ta koma yi cikin dutse a In Ekker. A kan gwaje-gwajen Sahara ne Nijeriya ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961. Abu yana arewa da mu, na'urar jin sa tana ƙasar Nijar, a ce ba mu da sunansa?

Irin tashar Torodi ba na'ura ɗaya ba ce. Na'urori ne da yawa aka warwatsa da tazara, ɗan bambancin lokacin da dirin ya taɓa kowacce shi ke nuna ta inda ya ɓullo, kamar yadda kunne biyu ke gaya maka ta ina aka kira ka. Shi ya sa na karɓi shawarar ƙanina da ya ce a kira na'urar "kunnen ƙasa". Wani ya ce "ma'aunin diri" ya fi dacewa da littafin makaranta, ban ƙi ba, tunda tana aunawa ɗin. A bar su biyun su yi takara a bakin mutane.

Aikin kansa dai na tsayar: sauraron dirin ƙasa. Motsin nan biyu, dirin turi da dirin kaɗi. Ga yadda na sa su a rubutuna, ku duba ko sun zauna:

"Ran 9 ga Oktoba 2006, tashoshin sauraron dirin ƙasa sama da 20 suka ji wani diri daga arewa maso gabashin Koriya ta Arewa. Turinsa ya rinjayi kaɗinsa, kuma ba daga zurfi ya taso ba."