Leda a saman silin, a ina zan sa ta?

Ɗan Jidda: Salam 'yan uwa, ɗakinmu na sama rufin kwano ne, tunda muka sa esi silin ya fara tabo baƙi-baƙi yana ɗiga kuma ba ruwan sama aka yi ba, an ce in shimfiɗa leda to a ina?

Mai gini: Malam danshin teku ne ke shiga ya tarar da sanyin esi ya zama ruwa. Ledar a saman audugar gilas ɗin da ake shimfiɗawa kan silin don tare zafi za ka sa, ɓangaren zafi, in ka sa ta ƙasa ruwan nan zai taru cikin audugar.

Baƙon Makka: Haka ne yaya, amma ka ɗora bakin ledar kan juna ka manne da tef. Ka fara duba bututun esi tukuna, nawa shi ne ke yoyo.