Neman kalma: ya za mu kira wannan harka ta masu ƙananan jiragen ƙasa?

Salam 'yan uwa, kalmomi biyu nake nema. Akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne su gina ƙaramin layin dogo a cikin ɗaki ko gareji, da tashoshi da gadoji da duwatsu da masana'antu, komai an rage shi daidai gwargwado, sannan su gayyaci 'yan uwansu masu irin wannan sha'awar a zo a tuƙa jiragen tare, wannan makon a gidan wane, wani makon a gidan wane. Abin da aka gina ɗin Turawa na ce masa layout, haɗuwar da ake yi kuma operating session. Ni dai "jirgin wasa" bai kwanta min ba, don wallahi abin ya wuce jirgi ya yi ta zagaye ana kallo. Kowane tarago yana da katinsa, a cikin katin akwai 'yar takarda da ta faɗi kayan da ya ɗauka da inda za a kai shi, mutum ɗaya yana zaune shi ke ba da izinin wucewa, wani na tasha yana warware taragai yana haɗa su, direbobi kuma kowa da jadawali a hannu, har agogo suke ratayewa mai gudu ninki huɗu ko shida don a samu aikin yini guda ya shiga cikin 'yan awanni.

– Malam ai da sauƙi, tunda a kan tebur ake ɗorawa ka ce dogon tebur kawai.

– Haba Yaya, dogon tebur kuma? Duk wanda ya ji zai ɗauka tebur ne mai tsawo ai. Kuma da yawa ma ba tebur ba ne, kanta ce ake kafawa jikin bango ta zagaye ɗakin, wani ma hawa biyu yake yi, mutane na tafiya a tsakiya suna bin jirginsu.

– To taswirar dogo fa?

– Taswira a takarda take, ita ake fara zanawa kafin a sayi katako. Wannan kuwa abu ne tsayayye, da wuta a jikin ƙarafunan.

– Ranku ya daɗe ni ina ganin bai kamata kalmar ta rasa maganar awo ba, don nan ne ya rabu da kayan wasan yara. Wanda aka fi yawan amfani da shi ana ce masa HO, 1:87 ke nan, wato in taragon gaske ya kai mita 17 to naka zai zo wajen santimita 20, tsakanin ƙarafunan layin kuma milimita 16.5. Akwai N mai 1:160, tsakaninsa milimita 9, na masu ƙaramin ɗaki, akwai Z da kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, 1:220. 'Yan Ingila kuma nasu daban, OO suke yi 1:76 amma a kan layi iri ɗaya da na HO, shi ya sa in ka lura layin ya ɗan yi wa jirgin kaɗan. Saboda haka, tunda Turawa scale suke ce wa wannan awon, ni jirgin sikeli na zaɓa.

– Baba mun gode da bayani amma sikeli a kunnen Bahaushe na auna nauyi ne, za a ɗauka jirgin da ke auna kaya ake nufi. Shi jirgin a bar shi a jirgin kwaikwayo mana, tunda na gasken ake kwaikwaya har tsatsar jikin tarago sai sun shafa da fenti.

Na karanta duka. Jirgin kwaikwayo na karɓa, duk da na san wani zai tuna da wasan kwaikwayo, to ai ba laifi, da ma kowa matsayin wani ma'aikaci yake hawa a wurin. Amma ainihin tambayata tana nan.

– Malam ba sai mun je da nisa ba. In gwamnati za ta yi layi me ake cewa a labarai? Za a shimfiɗa layin dogo. To abin da mutum ya shimfiɗa a ɗakinsa shimfiɗar dogo ce. Ka gwada a baki ka ji: mun je ganin shimfiɗar wane, shimfiɗarsa ta cinye gareji, shimfiɗar Miniatur Wunderland da ke Hamburg a Jamus wadda aka buɗe a 2001 layinta ya haura kilomita 15. Bai yi karo da komai ba, in dai da dogo a farkon magana ba wanda zai tuna da tabarma.

Hajiya kin gama magana, wannan ta zauna daram. Saura ta biyun, kuma ita ta fi ba ni wahala. Na so in ce zaman tuƙi, sai na ga tuƙin shi ne mafi sauƙi a ciki, musamman tunda aka samu tsarin DCC, wanda kowane kan jirgi ke da lambarsa kuma umarni na bi ta cikin ƙarfen layin, jirage da yawa a layi ɗaya kowa na juya nasa da na'urar hannu. Wahalar tana wajen ka iso tasha da tarago uku da za ka ajiye, bakin layin masana'antar yana kallon ta inda bai dace ba, dole ka cire kan jirgin ka zagaya ta ɗaya layin ka turo su ta baya, ga jirgin fasinja na tafe mai ba da izini na ce maka ka ba da hanya. Baƙo in ya zo karon farko ma ba a sakar masa shi kaɗai, ana haɗa shi da wanda ya san shimfiɗar, kuma ba a sa hannu a ɗaga tarago sai mai gida ya yarda.

– To ai jigila ke nan Malam, kai wannan ka ɗauko wancan. Zaman jigila.

– Ni aikin jigila zan ce, ba wanda ke zama a wurin sai mai ba da izini, kowa a tsaye yake.

– Yaya zaman ai na haɗuwa ne ba na kujera ba, zaman majalisa ma ana miƙewa a yi magana. In ka ce aikin jigila za a ɗauka biyanka ake yi.

Shi ke nan, zan rubuta jirgin kwaikwayo, shimfiɗar dogo, da zaman jigila. Shi wannan mai ba da izinin dai har yanzu sunansa ya yi min tsawo, wani ya turo min sarkin layi ta inbos amma ina tsoron kar a haɗa shi da sarkin tasha, wa ke da wata?