An Ce An Kore Su

Ɗan Madani, daga Gadarif:

Bismillahi, da shi nake farawa,
Shi ke jin bawan da bai da kowa.
Disambar 2023 ba ta mantuwa,
Yaƙin Sudan, RSF masu yaƙar soja cikin Madani na kutsawa,
Aka ce an kore su, babu dawowa.
Mata na guɗa, yara na rawa,
Na kwance ƙullin kayan guduwa.
Ba a yi kwana biyu ba, 'yan'uwa,
Gadar Hantub ta bakin gari ga su suna hayewa.
Da silifa ɗaya na bar unguwa,
Inna a amalanke, ina turawa.
Soja suka janye, aka yi alkawarin bincikawa,
Alkawarin bai mai da gidan kowa.

Baba, daga Mai Wurno:

Ɗana, zancenka akwai gaskiya,
Amma kada haushi ya ɓatar maka hanya.
In ka ƙi kakaki ka koma waya,
Can ma ana dafa ƙarya a tukunya.
An turo mana hoton wuta wai na jiya,
Ashe tsohon yaƙi ne na Siriya.
A Janairun 2025 ba su yi ƙarya,
Da suka ce Madani ta dawo hannun soja gaba ɗaya.

'Yar Umdurman, daga Jidda:

Baba, gafara, bari in sa baki.
A da gadar Shambat nake bi zuwa aiki.
Da ta karye a Nuwambar farkon yaƙi,
Kowane ɓangare ya fito da kakaki,
Wannan na nuna wancan, abin mamaki,
Gada ɗaya ce, wa ya fasa mata ciki?
A Jiddan nan aka sa hannu cikin ɗaki,
Watan Mayu, wai farar hula ba sa cikin yaƙi.
Tawada da danshi, harsashi na huda jiki.
Kullum ina gaban talabijin a ɗaki,
Tashar waje minti ɗaya ta ba mu, na yi tsaki,
Sai ƙwallo ya biyo, ana ta biki.

Direba, daga Sinja:

Yaya, a Fabrairun 2024 waya ta mutu,
Muka bi layin Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, babu hutu.
Ni fasinja nake tambaya kan batu,
Wace hanya ke biyuwa, ina aka mutu.
Mai ƙura a ƙafa na fi ji da mai karatu.

Ɗan Madani:

Baba, ran nan na yi kukan murna kuwa,
Amma ban kwance ƙulli ba, ina tsoron maimaitawa.
Malam direba, in Allah ya sa kana wucewa
Ta Madani, ga saƙo ina aikawa:
Ka ratsa lungun da ke bayan kasuwa,
Ka ga ko koriyar ƙofarmu na nan a tsayuwa.
Inna ta tambaye ni da asuba, tana share ƙwalla da mayafinta, 'yan'uwa,
Wai ko bishiyar lemonta na nan da rayuwa.