Firaktikal ɗin kemistiri a jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE: me ke sa lambobin biuret ƙin haɗuwa?

Maman Hafsat, Aboabo:
Salamu alaikum malamai. 'Yata tana SHS 3, wato ajin ƙarshe na sakandare, a nan Kumasi, ajin kimiyya, kuma jami'ar KNUST take hari. Tayitireshan, wato auna yawan asid ɗin da zai cinye bes (kishiyar asid), shi ne ya tsaya mata a wuya: yanzu ta samu 24.10 cm³, an jima 25.30, na uku 24.70. Ina matsalar take?

Malam Sani, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tazarar da ta wuce 1 cm³ ba ta rasa nasaba da wanki ko kumfa. Biuret, dogon bututun gilashi mai lambobi da ake sakin asid daga cikinsa, bayan an wanke shi da ruwa, da asid ɗin da za a zuba ake ɗauraye shi, fifet kuma, bututun ɗiban bes, da bes ɗin. In ta bar ruwa a biuret, asid ya tsinke, lambar ta hau. Amma filas, kwalbar da ake haɗa su a ciki, da tataccen ruwa kawai ake ɗaurayewa. Wanda ya ɗauraye shi da bes ya ƙara mol (ma'aunin yawan sinadari) ɗin da bai auna ba.

Sannan ta buɗe famfon biuret ta kori iskar da ke maƙale a bakinsa kafin karatun farko. In kumfar ta fita ana tsakar aiki, za a lissafa ta a matsayin asid. Ta cire mazurari, don ɗigon da ke sauka daga baya yana ɓata karatu. Ɗigon ƙarshe na fifet kuma ba a hura shi, da shi aka yi ma'aunin. Taɓa bakin a jikin filas ya isa.

Zagayen farko gwaji ne. In launi ya juya a 25, zagaye na gaba ta sake asid da sauri zuwa 23, daga nan ɗigo-ɗigo tana kaɗa filas a kan farar takarda. Ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, lamba biyu bayan ɗigo, kuma ta nemi biyu da tazararsu ba ta wuce 0.10 ba, su za ta haɗa ta raba biyu.

Anti Rabi, Nima:
Malam ya gama magana, sai dai indiketa, sinadarin da ke sauya launi ya nuna inda za a tsaya. Ɗigo 2 ko 3 ne, yara kuwa suna zuba shi kamar manja a kan waake. Da asid ɗin HCl da bes ɗin Na₂CO₃, metil oranj ake sa wa: daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo, a nan za ta tsaya. In ya yi ja, ta zarce.

Lissafin ma yana cin maki. HCl biyu ke cinye Na₂CO₃ ɗaya. Misali 25.00 cm³ na Na₂CO₃ mai ƙarfin 0.050 mol/dm³ mol 0.00125 ke nan, asid 0.0025, in biuret ya ba da 24.50, amsa 0.102 mol/dm³. Mai mantuwa da biyun nan 0.051 zai rubuta.

Ɗan Zango:
Hajiya, kada ta tare a tayitireshan, takarda ta uku, wato firaktikal ɗin, tana da gwajin gano sinadarin ƙarfen da ke cikin gishiri ma. NaOH a fara da ɗigo, a rubuta abin da aka gani, sannan a ƙara da yawa. Launin lakar da ta fito shi ke nunawa: shuɗiya Cu²⁺, kore mai dauɗa Fe²⁺, ja-ja ruwan ƙasa Fe³⁺. Fara da ta narke bayan an ƙara NaOH da yawa kuwa tana iya zama Zn²⁺, Pb²⁺ ko Al³⁺, sai amoniya ta raba gardama: na zink kaɗai ke narkewa a cikinta.

Maman Hafsat, Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Na tambaye ta, ashe da bes take ɗauraye filas, kuma mazurarin ma ba ta cirewa.