Kumburin Ciki a Manyan Karnukan Gadi: Yaya Ake Gane Shi?

Malam Sani, Sharaɗa:
Assalamu alaikum. Maƙwabcinmu yana da karen gadi irin German Shepherd, an ba shi abincinsa da magariba yana lafiya ƙalau, amma kafin asuba ya mutu cikinsa a kumbure. Maigadi ya ce tun tsakar dare karen yake kai-komo yana kakarin amai ba abin da ke fitowa, yawu kuma yana ta zuba, har wasu suka ce guba aka jefo masa ta katanga, wasu kuma suka tsorata ko haukan kare ne. Ni ma ina da babban kare irin Boerboel da ke gadin sitona, shi ya sa nake roƙon masana su fayyace mana ko wace cuta ce wannan, da abin da ya kamata a yi idan an gan ta.

Dakta Amina, likitar dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ba a yanke hukunci ba tare da an duba gawar ba, amma abin da ka bayyana ya fi kama da kumburi da murɗewar tumbi, wanda ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji kamar Great Dane, German Shepherd da Doberman. Tumbin ne yake cika da iska, sannan ya juya a kan kansa, sau da yawa tsakanin digiri 180 zuwa 360, wato rabin zagaye zuwa cikakken zagaye, sai mashigarsa da mafitarsa su toshe gaba ɗaya. Dalilin da ya sa kare yake kakari a banza ke nan. Yayin da tumbin ke ƙara kumbura, yana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, wani lokaci har saifa yake ja ta murɗe tare da shi, kuma cikin 'yan sa'o'i kare yana iya mutuwa.

Ka ƙwanƙwasa cikin da yatsa daga bayan haƙarƙari. Idan ya yi tauri yana amo kamar ganga, lamarin ya kai. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi, domin idan ya koɗe ya bar launinsa na ja, jini ya fara gazawa. Haukan kare ba ya kumbura ciki cikin dare ɗaya, duk da cewa taka-tsantsan da karen da ke zubar da yawu ba laifi ba ne. Maganin murɗewar tumbi yana asibiti kaɗai: ƙarin ruwa ta jijiya, fitar da iskar da bututu ko allura, hoton ciki, sannan tiyata a warware tumbin a ɗinke shi da bangon ciki don kada ya sake juyawa.

Alhaji Garba, Kurna:
Dakta, mu da muke kiwo, idan saniya ko tunkiya ta kumbura muna ɗura mata man gyaɗa ko ruwan kanwa. Ba za a iya yi wa kare haka ba kafin gari ya waye?

Dakta Amina:
Alhaji, don Allah kada a gwada. Hanyar a toshe take, abin da aka ɗura ba zai wuce ba, sai dai ya sarƙe shi ya gangara huhu. Jiran wayewar gari shi ne yake kashe su. Mai babban kare ya tanadi lambar likita tun yanzu, ya kuma tambaye shi ko yana yin tiyatar ciki da dare, domin Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Zariya, tafiyar kuwa tana da nisa ga karen da ke cikin wannan hali.

Malam Bala, mai horar da karnuka, Bompai:
Abin da na fi gani a gidajen Kano shi ne a bar kare a keji yini guda da yunwa, da magariba a cika masa kwano da sauran tuwo da shinkafa, ya haɗiye cikin gaggawa, ya kwankwaɗi ruwa saboda zafi, nan take kuma a sake shi ya fara zagaye. Gara a raba abincin kashi biyu ko uku, a bar shi ya huta bayan ya ci. Kwanon da ake ɗorawa bisa benci ma a sauke shi ƙasa, domin binciken da aka yi a Jami'ar Purdue ta Amurka a shekarar 2000 ya danganta shi da ƙaruwar haɗarin. Malam Sani, ka kuma tambayi wanda ya sayar maka da karen ko uwar karen ko ubansa sun taɓa yin wannan ciwo, domin yana bin jini.