Neman shawara: Ina son kai Hajiya da iyali hutu a jirgin ruwa, ta ina zan fara?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Mahaifiyata ta daɗe tana sha'awar ta kwana a kan teku, ni kuma ina son in cika mata wannan buri tun da sauran ƙarfinta. Mu biyar ne: ni, maiɗakina, yara biyu masu shekara 9 da 4, sai Hajiya mai shekara 68, tana da ciwon suga da ciwon gwiwa. Wani ejan ya turo mini tallan tafiyar kwana bakwai a Bahar Rum, a tashi daga Basalona a bi ta Marsai da Jenowa a dawo. Kuɗin ya yi araha fiye da yadda na zata, kuma ya matsa in ba da kafin alƙalami a makon nan. Dukkanmu fasfon Nijeriya gare mu. Abin da ke damuna shi ne biza, abincin halal, salla, da lafiyar Hajiya. Watan Janairu muke so. Allah Ya saka da alheri.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka ba da ko kwabo tukuna. Mai fasfon Nijeriya biza yake fara dubawa, sannan ya zaɓi jirgi. Basalona tana Sifen, Marsai tana Faransa, Jenowa tana Italiya, duka ƙasashen Shengen ne, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka ku biyar ɗin nan kowa sai ya sami bizar Shengen. Tun Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, ƙaramin naka ba ya biya. In an hana mutum ba a mayar masa da kuɗin. Za su kuma nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000 da bayanan asusun banki.

Ka yi tunanin a ba mutum huɗu a hana Hajiya, wadda dominta aka shirya tafiyar. Kamfanin jirgi ba ruwansa, a sharuɗɗansu takardun tafiya nauyin fasinja ne, kuma yadda ranar tashi ke ƙaratowa haka abin da za su mayar maka ke raguwa, har ya kai ba ko sisi. Ka ce wa ejan ya turo maka sharuɗɗan soke tafiya a rubuce, na kamfanin jirgin kansa, da lambar rajistar da za ka iya dubawa da kanka a shafin kamfanin. In ya fara kame-kame, ka san inda aka dosa. Ana karɓar takardar neman biza tun wata shida kafin tafiya, ka yi amfani da wannan damar.

Abu na ƙarshe, ka karanta sunan kowace tasha. In akwai Tunis ko wani gari na Turkiyya a jerin, jirgin ya fita daga Shengen ke nan ya sake shiga, to bizar shiga ɗaya ba za ta yi ba. A ranar farko, a bakin jirgi, suke duba wannan, kuma cewa "ai ba zan sauka a can ba" ba ya ceton mutum.

Maman Ilham:
Baban Khalifa, ni lokacin ma nake kallo. Janairu tsakiyar hunturu ne a Bahar Rum, ga sanyi ga ruwan sama, teku kuma ya fi tashi. Arahar da ka gani ke nan. Mai ciwon gwiwa ba za ta ji daɗi ba, yara ma ba za su mori wurin wanka ba. A wannan watan Tekun Fasha ya fi dacewa da ku. Daga wajen Disamba zuwa Maris a shekarun baya kamfanoni irin su MSC da Costa sun saba ajiye jirage a can, suna zagaya Dubai, Abu Dabi, Doha da Baharain, wani lokaci har Maskat. Mu can muka je da maigidana. Ruwan a kwance yake, tashoshin kusa da juna, yawanci da dare ake tafiya a wayi gari a sabon birni, kuma duk inda kuka sauka ga masallaci ga abincin da ba sai ka yi tambaya ba. Hajiya za ta ga Masallacin Sheikh Zayed a Abu Dabi, ni kam ban ga abin da ya kai shi a tafiyar ba.

Nan ma maganar Ɗan Kwari tana nan. Daular Larabawa, inda Dubai da Abu Dabi suke, ta dawo da ba 'yan Nijeriya biza a Yulin 2024 bayan dogon lokaci a rufe, amma sharuɗɗan na yawan sauyawa, kuma bizar shiga da yawa ake buƙata tunda jirgin na fita Katar ya dawo.

Batun ɗaki, ku nemi na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne tangaɗi ya fi sauƙi, kuma kusa da lifta, don tsawon jiragen nan ya haura mita 300. Ɗakin ciki marar taga ya fi araha, amma don Allah ka sama wa Hajiya mai baranda. Dattijuwa ba za ta riƙa hawa saman jirgi cikin kiɗa da masu kayan wanka don ta ga ruwa ba. A barandarta za ta zauna da carbinta ta kalli tekun da ta zo gani. Ku ku matse a na ciki in kuɗi bai kai ba.

Ka gaya wa uwargida ta bar kasko da gawayi da turaren wuta a gida. Duk abin da ke kama wuta an hana, har dutsen guga da hitar ruwa, suna ganinsu a na'ura su ƙwace sai ranar sauka. Humra da turaren fesawa babu laifi.

Abu Maryam:
Ni dai a ganina kuɗin nan a kai Hajiya Umara ya fi. Jiragen nan akwai giya da caca da shigar da ba ta dace ba. Allah Ya sa mu dace.

Baƙon Jidda:
Malam Abu Maryam, damuwarka gaskiya ce, a yawancin jiragen akwai duk abin da ka lissafa. Sai dai akwai wanda aka yi don irinmu. Saudiyya ta ƙaddamar da kamfaninta, AROYA Cruises, a Disamban 2024 jirgin ya fara tashi daga Jidda yana zagaya Bahar Maliya zuwa Akaba ta Jodan da Sharm el-Sheikh ta Masar. Ba giya, ba gidan caca, abinci halal ne, akwai wuraren salla. Iyali na iya yin Umara sannan su gangaro Jidda su shiga. Amma a kula, bizar Umara yawanci ta shiga ɗaya ce, in jirgi ya fita Masar ya dawo kun shiga Saudiyya karo na biyu ke nan. Ka tambayi kamfanin irin bizar da mai fasfon Nijeriya ke buƙata, su amsa maka a rubuce. Ka kuma duba jadawalinsu na watan da kake so, don jirgin kan koma Istanbul da bazara, kuma tun ƙarshen 2023 hare-haren 'yan Houthi na Yaman a kan jiragen ruwa suka sa kamfanoni da dama ke sauya hanya a yankin.

Anti Nas:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in yi maganar Hajiya. Akwai likita da ƙaramin asibiti a jirgi, amma kuɗi ake biya, da dala ko yuro, kuma da tsada. In abu ya yi tsanani sauke mara lafiya suke a tasha mafi kusa. Saboda haka inshorarta ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara, ku kuma bayyana ciwon sugan tun wajen saye, don in an ɓoye za su ƙi biya.

Magungunanta su zauna a jakar hannu cikin kwalayensu, da takardar likita, da rarar mako guda. Manyan akwatuna ana karɓarsu a tasha, sai yamma suke isowa ƙofar ɗaki. In allurar insulin take yi, ku sanar da kamfani tun da wuri su tanadi wurin sanyaya ta, don ɗan firjin ɗaki ba kullum yake sanyi sosai ba. Abinci kuwa a wadace yake dare da rana, ga kayan zaƙi ko'ina, sai an sa mata ido. Maganin jiri da amai likitanta ya zaɓa mata, wasu na sa barci mai nauyi ga tsofaffi. Ku tafi da keken guragu mai naɗewa ko da tana takawa. Wasu tashoshin jirgi ba ya isa gaɓa, ƙananan jirage ke kwasar mutane, irin wannan ranar gara ta huta a ɗaki. Kada ku manta katin allurar zazzaɓin shawara na kowa da kowa.

Malam Na Zariya:
Salla a jirgin ruwa tsohuwar mas'ala ce, sahabbai sun hau teku. Farilla a tsaye ake yi in mutum zai iya, in jiri ko ciwo ya hana sai a zauna. A fuskanci alƙibla, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya in jirgi ya juya kana cikin salla sai ka juya ka bi alƙibla in da hali. Ku matafiya ne, kuna da kasaru. Kamfas na waya kan rikice saboda ƙarfen jirgi, ka fi dogara da taswirar da talabijin ɗin ɗaki ke nunawa, ko ka tambayi ma'aikata, da yawansu Musulmin Indunusiya ne. Abinci, in ba ka sami tabbacin yankan ba, kifi da ƙwai da ganye sun wadatar, sai dai ka tambaya ko an sa giya a miya ko a kek.

Ɗan Kwari:
Na dawo kan kuɗi. Abin da ke jikin talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, in Hajiya ita kaɗai ce a nata za a caje ta kusan ninki biyu, sai ka haɗa ta da babban jikanta. Ka ƙara kuɗin hidima da suke yanka wa kowane fasinja kullum, lemon kwalba da ruwan gora, intanet, yawon cikin gari, tikitin jirgin sama, da otal na kwana ɗaya, don wajibi ne ku isa garin kwana guda kafin tashi. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara. Haka a kowace tasha, in kun fita da kanku ku dawo awa guda kafin lokacin da aka rubuta, da agogon jirgi. A ciki ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗaki ake miƙawa, an ɗaure shi da katin banki ko kuɗin ajiya. Ka tafi da katin asusun dala, na naira yana da iyaka. Waya kuma a kashe mata data da zarar an bar gaɓa. Akwai atisayen ceto kafin jirgi ya tashi, dole ne ga kowa har Hajiya, an tsaurara shi bayan hatsarin Costa Concordia a Janairun 2012 da ya ci rai 32.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na dakatar da ejan, hankalina ya fi karkata ga Jidda. Akwai abin da ban faɗa ba don ban ɗauka ya shafi tafiyar ba: maiɗakina na da juna biyu, a Janairu zai kai wata bakwai. Da matsala?

Anti Nas:
Da matsala babba, Baban Khalifa. Kusan duk kamfanonin ba sa ɗaukar mace in cikinta zai kai mako 24 kafin a gama tafiyar, ko da likita ya ba ta takarda, don ba su da kayan kula da bakwaini a jirgi. Wata bakwai ya wuce wannan iyaka. Bayan haihuwa kuma da yawansu sai jariri ya cika wata shida suke karɓarsa, kuma shi ma sai an yi masa fasfo da biza. Ko dai ka tafi da Hajiya da yara a Janairu in uwargida ta yarda kuma akwai mai zama da ita, ko ku ɗaga zuwa Disamba mai zuwa ku tafi ku shida. In ɗagawar kuka zaɓa, ka duba fasfon kowa tun yanzu, suna son ya rage aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Allah Ya sauke ta lafiya.